Yadda Ake Karanta Hadarin Bazara, Daga Zafin Afrilu Zuwa Ruwan Shuka

Da zarar Afrilu ya raba tsakiya, magana ɗaya ce a bakin kowa daga Sakkwato har Maiduguri: wannan zafin na ruwa ne. Wani lokaci a dace. Sau da yawa kuwa sai a kwana ana fifita har kiran assalatu, ko ɗigo babu. Zafi shi kaɗai ba ya kawo ruwa. Da yana kawowa, da Agadas ta fi Kalaba damina. Sai abu uku sun haɗu: zafin da zai sa iska ta yi sama, laimar da za ta zama gajimare, da abin da zai tunkuɗa iskar ta fara hawa. Na farkon a bazara har ya yi yawa. Sauran biyun ne abin bincike, kuma daga tsakar gida ana iya binciken su.

Kayan da za ka tanada

Ma'aunin zafi na batir, irin mai nuna zafi da laima a fuska ɗaya. Ana samunsa a shagunan kayan kiwon kaji, domin masu ƙyanƙyasa da shi suke aiki. Inda ka rataye shi ya fi tsadarsa muhimmanci: a inuwa, inda iska ke ratsawa, kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Kada ka manna shi da bangon siminti, kada ka sa shi ƙarƙashin rumfar kwano. Bango da kwano nasu zafin suke fitarwa, sai ka ga 47 alhali iskar gari 41 ce. Lambobin ban tsoron da ake yaɗawa a WhatsApp yawanci daga irin wannan wurin aka ɗauko su, ko daga cikin motar da ta wuni a rana.

Sai gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, kamar babban gwangwanin tumatir da aka yanke murfinsa tas har gefe. Ka ɗora shi a kan bulo, daidai ba karkace ba, ka tokare shi da duwatsu don kada iska ta kifar da shi. Tsakaninsa da bango ko bishiya ya kai ninki biyu na tsayinsu, aƙalla. Da rula za ka auna zurfin ruwan, amma ka lura rular 'yan makaranta tana da ɗan fili kafin sifili. Ka yanke shi, in ba haka ba kullum lissafinka zai gaza da milimita uku ko huɗu.

Sai siririn tsumma a kan gora doguwa da ta ɗara katanga, kofin silba, da littafin rubutu.

Mataki na farko: daga ina iska take?

Iska biyu ke rabon ƙasar Hausa. Akwai ta arewa maso gabas, busasshiya, daga Sahara; ita ce hunturu lokacin ɗari, ita ce kuma mai gasa fuska a Maris da Afrilu. Akwai ta kudu maso yamma, daga tekun Atlantika, mai ɗauke da laima. Inda suka yi karo masana yanayi suna ja masa layi a taswira. Mu kira shi magamar iska. A Janairu magamar tana can kusa da gaɓar teku. Tana hawowa a hankali, ta ratsa ƙasar Hausa tsakanin Afrilu da Mayu, a Agusta ta kai gaba da Agadas, sannan ta juyo.

Ruwa ba ya sauka a kan magamar kanta. A nan iskar kudu siririya ce, shimfiɗe a ƙasa kamar tabarma, iskar hamada kuma tana zaune a kanta. Sai magamar ta wuce ka da kilomita 200 zuwa 300 ko fiye, laimar ta yi kauri, sannan hadari ke samun abin ci. Makonnin nan na gumi da rashin barci kafin ruwan farko, tazarar nan ce kake ji a jikinka.

Ka duba tsumman nan sau biyu a rana, bayan sallar asuba da bayan la'asar, ka rubuta. Magamar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Da dare iskar kudu takan kutso arewa, da rana zafi ya dama ta da busasshiyar iskar sama ta ja da baya. Idan safe da yamma duk daga arewa maso gabas iskar take, kwantar da hankalinka, ruwa bai kusa ba komai zafi. Idan da safe ta kudu ce, da yamma ta koma busasshiya, to kana ƙarƙashin magamar: gumi da dare, guguwa da ƙura da rana, ruwa sai an yi sa'a. Idan ta kudu maso yamma ta riƙe safe da yamma kwana uku ko huɗu a jere, damina ta zo bakin ƙofa.

Gida ma yana ba da shaida. Gishiri ya fara danshi a kwano, leɓe ya daina tsagewa, wankin da ke bushewa kafin a gama shanya na ƙarshe ya fara jinkiri, ruwan randa ya rage sanyi saboda jikin randar ba ya tsanewa da sauri kamar da. Shamuwa ta dawo kan bishiyoyin gari. Duk waɗannan laima suke nunawa, ba ranar ruwa ba.

Mataki na biyu: auna laimar da gaske

Lambar laima ta kashi cikin ɗari tana da ruɗi, domin tana sauka in zafi ya hau ko da ruwan da ke cikin iskar bai ragu ba. Kashi 45 a zafin digiri 28 da asuba, da kashi 23 a zafin digiri 40 da azahar, ruwa ɗaya ne. Abin da masana ke kallo shi ne digirin raɓa, wato matakin da iska za ta huce zuwa gare shi kafin raɓa ta fara kwanciya. Manhajojin yanayi da yawa suna nuna shi a sashen laima, lamba ce mai alamar digiri.

Kana iya auna shi da kanka in kana da ma'aunin da ake tsomawa a ruwa. Zuba ruwa rabin kofin silba, ka goge bayan kofin ya bushe ƙayau. Riƙa jefa ƙananan gutsattsarin ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya kana motsawa. Da ka ga ƙyallin kofin ya dushe, wani ɗan hazo ya kwanta a bayansa, karanta zafin ruwan nan take. Shi ne digirin raɓa. Kurakurai biyu ke ɓata shi: zuba ƙanƙara da yawa lokaci ɗaya, sai ruwan ya zarce makin kafin ka gani, da kusanto da fuska har numfashinka ya jiƙa kofin.

In digirin raɓa yana ƙasa da 10, iskar hamada ce. Wajen 14 ko 15, kana kan magama. Da wannan lambar ce ma ake ja mata layi a taswira. Daga 18 zuwa 20 da rana, hadari ya samu abinci. Sama da 21, iskar tsakiyar damina ke nan. Awon la'asar ya fi na asuba faɗin gaskiya, domin shi ke nuna laimar da ta jure damawar rana.

Da lambobin nan biyu za ka san tsayin gindin gajimare. Cire digirin raɓa daga zafin iska, ka ninka da mita 125. Zafi 40, raɓa 15: saura 25, gindin gajimare yana sama da kilomita 3. Ruwan da ya taso daga can sai ya ratsa kilomita uku na iska mai zafi, yawancinsa ya ƙone a hanya, abin da zai iso ƙasa iska ce da ƙura. Zafi 33, raɓa 21: saura 12, gindin yana kilomita ɗaya da rabi, ruwa zai iso. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya bayyana maka dalilin da ya sa hadarin Afrilu ke yaye kwano ya bar ƙasa a bushe.

Mataki na uku: kalli sama tsakanin hantsi da la'asar

Ƙananan gajimare kamar curin auduga, masu shafaffen gindi, su ne alamar iska ta fara hawa. Ka sake dubawa bayan awa ɗaya. Idan sun baje sun yi faɗi, ko sun narke kafin azahar, akwai murfi a sama: iska mai ɗumi da bushewa ta hana su wucewa. Idan tsayinsu ya fi faɗinsu, suna hawa kan juna kamar hasumiya, kansu fari fat mai kaifin gefe, to murfin ya fashe. In kan ya baje ya yi kamar uwar maƙera, hadari ya nuna, akwai tsawa a cikinsa. Zare-zare masu launin toka da ke saukowa daga gindinsa su ɓace kafin ƙasa, ruwa ne yake ƙonewa a hanya, kuma ƙarƙashinsu ake samun iska mai fizga.

Irin wannan hadarin na la'asar ƙarami ne, faɗinsa 'yan kilomitoci, ransa bai cika wuce awa ɗaya ba. Shi ne mai jiƙa Fagge ya tsallake Hotoro, duk a cikin Kano. Ba shi ne ke cika rumbu ba.

Mataki na huɗu: juya gabas

Mafi yawan ruwan yankin Sahel daga manyan jerin hadari yake zuwa, waɗanda ke tafiya daga gabas zuwa yamma. Abin da ke tura su wata iska ce mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas a tsayin kilomita 3 zuwa 4. Jerin yakan miƙe ɗaruruwan kilomita daga kudu zuwa arewa, ya yi gudun kilomita 45 zuwa 60 a awa, ya kwana yana tafiya. Galibi da yamma ake haifarsa a kan tuddai: tsaunukan Jos, duwatsun Mandara a iyakar Kamaru, Azbin a Nijar, da Darfur can Sudan. Shi ya sa garuruwa da yawa ruwansu na dare ne, kuma Yamai ta yi suna da ruwan goshin asuba.

Amfaninsa gare ka shi ne ana iya lissafa isowarsa. Raba nisa da 50. Daga Dutse zuwa Kano a miƙe kamar kilomita 90 ne, kusan awa biyu ke nan. Daga Potiskum kamar 280, awa biyar zuwa shida. Daga Maiduguri kamar 500, wajen awa goma, in bai mutu a hanya ba. Daga Damagaram zuwa Maraɗi kamar 200, awa huɗu. Ɗan'uwa ko abokin ciniki da ke gabas da kai, wanda zai ɗaga waya ya ce maka "yanzu iska ta taso mana", ya fi manhajoji da yawa amfani. Ka tambaye shi abu biyu: ƙarfe nawa iskar ta iso, kuma ruwa ya biyo ta ko ƙura ce kawai.

Mai intanet ya buɗe hoton tauraron ɗan'adam na Meteosat, wanda ake sabuntawa duk minti 10 zuwa 15. Manhajoji irin su Windy suna ɗauko shi. Nemi babban curi mai haske sosai a gabas da garinka, ka kunna hotunan awa biyu da suka wuce. In yana girma, gefensa na yamma yana da kaifi, yana nan da ƙarfinsa. In yana dusashewa yana yagewa, mutuwa yake yi. Ka lura da agogon hoton: in na GMT ne, ƙara awa ɗaya ka samu lokacin Najeriya da Nijar. In damina ta kankama, jerin nan kan zo rukuni-rukuni duk kwana 3 zuwa 5, saboda iskar gabas ɗin tana tafiya ne da igiya-igiya.

Hadarin da ka hango a yamma, yawanci bayansa kake gani. Shi kuwa bakan gizo da ake cewa ya shanye ruwa, da yamma a gabas yake fitowa domin kullum kishiyar rana yake tsayawa, kuma fitowarsa na nufin ana ruwa a can. Ƙaramin hadari ne yakan bar rana ta haska shi haka, shi kuma da faɗuwar rana yake mutuwa. Laifin ba na bakan ba ne.

Mataki na biyar: iskar nan mai sanyi

A nan ake yawan ruɗewa, musamman masu bin hasashen ƙasashen waje. A wurare irin su Teksas ta Amurka, sanyin da ke karya zafin bazararsu daga nesa yake zuwa. Tarin iska mai sanyi ne ke gangarowa daga arewa, goshinsa ya kutsa ƙarƙashin iska mai zafi kamar bakin garma, ya ɗaga ta, hadari ya jeru a kan layin. Ana hango shi kwanaki kafin ya iso, in ya wuce kuma sanyin yakan kwana biyu. Irin wannan goshin sanyi ba ya zuwa ƙasar Hausa da bazara. Wanda ke taɓa mu shi ne na lokacin ɗari, mai tasowa daga wajen Bahar Rum, ya ratso Sahara ya iso a bushe, ya zuga hunturu, ya kwaso ƙurar kwarin Bodele na Chadi ya zuba mana hazo. Babu tsawa a cikinsa.

Sanyin da kake ji kafin ruwa, hadarin ne da kansa ya ƙera shi. Ruwan da ke ƙonewa a cikin busasshiyar iska yana sanyaya ta, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa, ta malala gaban hadarin kamar an kifar da tulu. Tana tafe tana ɗaga iska mai zafi da laima da ke gabanta, sabon hadari na haihuwa a wurin. Da haka jerin ke ciyar da kansa har gari ya waye. Wato ƙaramin goshin sanyi ne, sai dai gargaɗinsa na mintoci ne, ba na kwanaki ba.

Ga yadda yake zuwa. Iskar kudu ta mutu, gari ya yi tsit, ganye ko motsi. Walƙiya a gabas ba ƙaƙƙautawa. Wani baƙin gajimare ƙasa-ƙasa, dogo, kamar naɗaɗɗiyar tabarma. A farkon damina, jan bango na ƙura a ƙarƙashinsa. Sai iskar ta doko daga gabas, zafi ya faɗi, yakan kai digiri 10 cikin ɗan lokaci, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanci. Ruwa mai ƙarfi yakan biyo bayan 'yan mintoci, ya yi rabin awa zuwa awa ɗaya, sannan yayyafi da cida na awa biyu ko uku. In digirin raɓa ya yi ƙasa, a ƙurar za a tsaya.

Bangon ƙurar da ka hango a nisan kilomita 10, minti goma ke tsakaninku. Abin yi da su, bi da bi: yara da tsofaffi su shiga ɗaki, a kashe wutar murhu ko a rufe garwashi, domin iskar nan ita ke kai wuta kan danga da rufin ciyawa, a rufe tagogi da ƙofar da ke kallon gabas, saboda iskar da ta shiga ɗaki ta rasa mafita daga ciki take ɗaga rufi, a kwantar da fallen kwano, allo da lema, a cire filogin talabijin, firji da inbata. Shanya ce ta ƙarshe. Mai mota ya sauka daga kwalta sosai, ya tsaya nesa da bishiya da turken lantarki, ya kashe fitilu ya ɗaga ƙafa daga birki, don kada na baya ya bi fitilarsa yana zaton hanya ce.

Aikin rufi kuwa a Maris ake yinsa, ba ranar hadari ba. In gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin bugunta ninki huɗu yake yi, kuma daga kusurwa da bakin rufi take fara ɓamɓara. A bi ƙusoshin wuraren nan a ƙara, a ɗaure katakon rufi da jikin gini da langalanga ko rodi, a canza katakon da gara ta ci. Bulo da tsohuwar taya da ake ɗorawa a kan kwano ba ɗauri ba ne. In rufin ya tashi da su yake tashi. A duba ƙafafun faifan sola, a yashe indararo da kwata.

Me "kashi 40" ke nufi?

In hasashe ya ce yiwuwar ruwa kashi 40 ce, ba ya nufin ruwa kaɗan, ba ya nufin awa kaza. Ma'anarsa: in aka samu rana goma masu irin wannan yanayin, a huɗu ruwa zai sauka inda kake. A ranar kashi 30 ana iya tafka ruwan da zai cika kwata. Kuma ƙananan lambobi suna taruwa: kwana uku a jere kowanne kashi 30, yiwuwar a samu ruwa ko sau ɗaya ta kusa biyu cikin uku. Mai shirin zuba dakin siminti ko shanya hatsi ya riƙe wannan.

Manhajar waya ba ta ganin garinka. Daga manyan kwamfutocin hasashe na Turai da Amurka take ɗauko lambobinta, su kuwa an sha gwada su an ga suna da rauni wajen faɗin ranar da wurin ruwa a wannan yanki na Afirka. Wajen zafi, iska da laima sun fi abin dogaro. Saboda haka ka karɓi zafi da digirin raɓa daga wurinta, "ruwa ƙarfe huɗu" kuwa ka ɗauke shi a matsayin zato. Ka haɗa da hasashen kwana uku na hukumar NiMet a Najeriya ko na hukumar yanayi ta Nijar. NiMet tana kuma fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana yin na yankin Sahel.

Tsawa

Daga ganin walƙiya fara ƙirga daƙiƙa har ka ji ƙara. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. In bai kai 30 ba, tana cikin kilomita 10, tana iya kai maka. Shiga ginin da ke rufe ko mota mai rufin ƙarfe, ka zauna har minti 30 bayan ƙarar ƙarshe. Mutane da yawa a farkon hadari ko bayan ruwa ya tsagaita aradu ke samunsu, lokacin da ake ganin babu komai. Rumfa mai buɗaɗɗen gefe, gindin bishiya tilo, babur, kwalekwale da filin ƙwallo ba mafaka ba ne. Wayar hannu ba ta jawo aradu, amma kada a riƙe ta tana caji. Makiyayi ya hana shanu cunkushewa a gindin bishiya ɗaya: wutar tana bin ƙasa, kuma tazarar da ke tsakanin ƙafafun gaba da na baya ita ke sa ta ratsa jikin dabba, shi ya sa ake rasa garke lokaci ɗaya.

Wanda aradu ta faɗa wa babu wuta a jikinsa, a taɓa shi nan take. In ba ya numfashi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti. Jiran wani ya zo ya yi masa magani kafin a taɓa shi, shi ke cinye mintocin da za su cece shi.

Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu, kamar santimita 15, yana kayar da babba. Santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota.

Ranakun da hadari ya ƙi

Su ne mafi haɗari ga jiki. A Sakkwato, Maiduguri da Yamai, zafin rana a Afrilu a ƙa'ida yana kai 40 ko ya ɗara, kuma ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna 48.5 a Kayes ta Mali. Amma lambar ba ita kaɗai ba ce. Ranar 41 da laima kashi 10, jiki na jin ta kamar 38, domin gumi na bushewa yana sanyaya fata. Ranar 38 da laima kashi 40, kamar 43 take. Ƙari kuma laima tana hana dare hucewa, jiki ya wayi gari bai huta ba.

Aikin ƙarfi a gama shi kafin ƙarfe 11, a koma bayan la'asar. Mai aiki a rana ya sha kamar leda ɗaya ta fiya wata duk rabin awa, kada ya wuce lita ɗaya da rabi a awa. Fitsari ya koma ja-ja ko ya ragu, ruwa ya gaza. Wanda ya yi gumi sosai har jijiya na ɗaurewa, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri, duk a shafe ba a tule ba. Jaririn da bai kai wata shida ba nono za a ƙara masa, uwar ce za ta ƙara shan ruwa. In zafin ɗaki ya haura 40, fanka ita kaɗai iskar murhu take hura maka. A jiƙa zane ko riga tukuna.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da gumi sharkaf, amma mutum na cikin hayyacinsa: inuwa, kwanciya, ruwa. In ya fara sambatu, ya rikice ko ya suma, jiki zafi rau, wannan bugun zafi ne, yana kisa. A cire masa kaya, a riƙa kwara masa ruwa ana fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya, hammata da matsematsi, ana yi ana tafiya asibiti. Kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. In da sanƙarewar wuya, a faɗa wa likita tun a ƙofa, domin sanƙarau ma lokacinsa ke nan.

Ruwan shuka ne, ko na yaudara?

Nan gwangwanin zai biya kuɗinsa. Ka auna kowace safiya a lokaci ɗaya, ka zubar, ka rubuta. In ka bari rana ta ɗaga, wani ya riga ya ƙone. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta.

Ma'aunin da masu bincike suka fi amfani da shi a wannan yanki na Sivakumar ne, wanda ya fitar a 1988 yana masani a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Nijar: damina ta fara idan, bayan 1 ga Mayu, an tara milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fiye da kwana bakwai babu ruwa ba a cikin kwana 30 da suka biyo. Rabin farko gwangwani zai gaya maka. Rabi na biyu babu mai gani sai ya wuce, don haka littafinka ne zai tsaya a madadinsa. Milimita 25 da ta sauka alhali iskar la'asar tana komawa arewa maso gabas, digirin raɓa yana faɗowa ƙasa da 15, ruwan yaudara ne. Milimita 20 da ta zo bayan mako guda na iskar kudu safe da yamma, raɓa 19 ko 20, wannan ana iya ba ta iri.

Ka tabbatar da fartanya. A jigawa, kowace milimita tana jiƙa kamar santimita ɗaya, saboda haka milimita 20 za ta kai danshi wajen taƙi guda. Tona a wuri uku, tudu da gangare da tsakiya. In danshin bai wuce tsayin yatsa ba, zafin Mayu zai shanye shi cikin kwana biyu, iri ya tsiro ya ƙone. Wannan ma shi ne haɗarin binne, domin ɗan ruwan milimita biyar ya isa ya tayar da irin da ke ƙasa amma bai isa ya raya shi ba. Gero ya fi jurewa, shi ake fara sakawa. Masara da gyaɗa su jira ruwa na biyu ko na uku. Kada a zuba duk irin a karo ɗaya, a ajiye na maimai. Gonar da ke fili kuma a bar mata karan bara a kwance, domin iskar da ke gaban hadari na gaba, wadda ke zuwa da rairayi, ita ce ke yanke tsiron gero ɗan kwana goma ta binne shi.